Ku Tambayi Mama: Yaya Zan Ƙaunaci Wadda Ta Ci Kuɗin Adashina?

Wasiƙu uku na zaɓa a wannan wata. Kamar yadda muka saba, na cire sunayen masu rubutowa da na majami'unsu.

TAMBAYA: Mama, ina gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da iyali. Ni 'yar Zumuntar Mata ce a wata majami'a a Brigade, ina sayar da manja da kayan miya a kasuwar Sabon Gari. Mu goma sha biyu muke adashi, kowa Naira 20,000 a wata. Na zaɓi in zama ta ƙarshe a ɗauka don kuɗin ya zo daidai da biyan haya. Da lokacina ya yi, uwar adashi ta ce in yi haƙuri, matsala ta taso mata. Yau wata biyar ke nan, ko sisi ban gani ba cikin Naira 240,000. Mai gidan haya ya kusa watso mana kaya waje, sai da na sayar da kekena na ɗinki. Ita kuwa kowace Lahadi tana gaba tana ba da waƙa, ranar jibin Ubangiji kuma faranti ɗaya ake miƙa mana. Fasto ya yi wa'azi a kan ƙaunar juna, na ji kamar da ni yake. Mama, ba zan ɓoye miki ba, ba na ƙaunarta. In na gan ta sai ƙirjina ya yi nauyi. Dole ne in ƙaunace ta? In dole ne, in bar mata kuɗin ke nan?
Wata 'yarki, daga Brigade

AMSA: 'Yata, sannu. Sannu ƙwarai. Mace ta sayar da kekenta don ta rufa wa kanta asiri, alhali kuɗinta na hannun wata, wannan ciwo ne babba, kada kowa ya ƙanƙanta miki shi don yana so majami'a ta yi shiru. An cuce ki. Na fara da wannan ne domin mu masu bi muna da saurin cewa "a yi haƙuri" tun ba mu ji ta bakin wanda aka taka ba, kuma kusan kullum marar ƙarfi ake ɗora wa haƙurin.

To, ga amsar tambayarki ta farko: i, dole ne. A daren da za a bashe shi, Ubangiji ya ba almajiransa sabon umarni, su ƙaunaci juna kamar yadda ya ƙaunace su, ya ce ta haka kowa zai gane su nasa ne (Yohanna 13:34-35). Ki duba mutanen da ke ɗakin a daren nan. Ga Bitrus, wanda kafin zakara ya yi cara zai ce bai san shi ba har sau uku. Ga sauran, waɗanda za su watse su bar shi. Ya san duk wannan, ya ɗaura tawul ya wanke musu ƙafa. Cikin ƙafafun da ya wanke har da na Yahuda, wanda jakar kuɗinsu take hannunsa, kuma Yohanna 12:6 ya gaya mana yakan ɗiba daga ciki. Ban ce 'yar'uwarki Yahuda ce ba, Allah ya kiyaye. Ina nuna miki ne cewa Ubangijinki ya san yadda ake zama kwano ɗaya da mai cin amanar kuɗi.

Inda kika maƙale, 'yata, shi ne kina duban matar nan kina neman abin da zai sa ki ƙaunace ta. Ba za ki samu ba, ko kin shekara kina dubawa. Manzo Yohanna ya ce muna ƙauna ne domin Allah ne ya fara ƙaunarmu (1 Yohanna 4:19). A aya ta 10 ya ce ba mu muka ƙaunaci Allah ba, shi ya ƙaunace mu, ya aiko Ɗansa hadaya saboda zunubanmu. Sai aya ta 11, wadda ta daɗe tana ba ni mamaki. Mutum zai zaci zai ce, tun da Allah ya ƙaunace mu haka, mu ma mu ƙaunace shi. Amma abin da ya ce shi ne, mu ma ya kamata mu ƙaunaci juna. Wato Allah ya yi miki alherin da ba ki iya biya, ya ce in kina so ki nuna godiya, ga inda za ki kai ta: wurin 'yar'uwarki. Famfon tsakar gida ba shi yake haifar da ruwa ba, daga Tamburawa ko Challawa ake turo shi, in kuwa ba a turo ba, ko kin murɗa kan famfon har ya karye ba abin da zai ɗiga. Wata biyar kina murɗa zuciyarki. Ki koma wurin da ruwan yake fitowa, ki zauna da Romawa 5:8 har ta shige ki: tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu.

Kin san misalin bawan nan a Matta 18, wanda sarki ya yafe masa talanti dubu goma, ya fita ya shaƙe wuyan abokin bautarsa saboda dinari ɗari. Akwai abin da masu wa'azi kan tsallake a nan. Dinari guda ladan lebura ne na yini ɗaya, kamar yadda muka gani a Matta 20. Dinari ɗari ke nan ya fi ladan wata uku. Yesu bai kawo misali da kuɗin goro ba, ya kawo da kuɗin da zai iya hana mutum barci, irin naki. Sai dai talanti ɗaya dinari 6,000 ne, ki lissafa dubu gomansa. Bashin da kike bi na gaske ne, wanda aka yafe miki kuwa ba ya lissaftuwa, kuma sai kin ajiye su gefe da gefe za ki iya sakin wuyanta.

Yanzu maganar kuɗi. A'a, ban ce ki bar mata ba. A cikin surar nan ta 18, daga aya ta 15 zuwa 17, Ubangiji ya shimfiɗa hanya: in ɗan'uwanka ya yi maka laifi, je ka ka nuna masa, kai da shi kaɗai. In bai ji ba, ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu. In ya ƙi jin su, ka gaya wa ikilisiya. A wasiƙarki ban ga inda kika je gidanta ba. Ki je. Kada ki tare ta a ƙofar majami'a, kada a kasuwa, kada kuma ki jefa magana a zauren WhatsApp na Zumunta. Ki sami rana cikin mako, ki yi sallama, ku gaisa sosai, ki tambayi yara, sannan ki ce, "Yaya, na zo ne in ji me ya sami kuɗin nan." Ki yi shiru ki saurara.

Wataƙila ki tarar ɗanta ne ya kwanta asibiti ta sa hannu a kuɗin mutane, kunya ta hana ta dubanki. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wataƙila kuma ki tarar ba wani dalili, son zuciya ne kawai. Ko wanne ne, ki nemi a tsayar da magana a rubuce, a gaban shugabar Zumuntar Mata da dattijo guda: nawa za ta riƙa bayarwa duk mako, ranar yaushe, a hannun wa. Ko Naira 5,000 ne, a fara. Wannan ma ƙauna ce gare ta, domin mace mai ba da waƙa da haƙƙin wata a wuyanta tana cikin hatsari fiye da ke da aka cuta. Zakka, mai karɓar haraji na Yariko, ranar da ceto ya shiga gidansa, bai tsaya ga cewa ya tuba ba, ya ce wanda ya zalunta zai mayar masa ninki huɗu. In kin yi shiru kin bar ta haka, kin hana ta hanyar nan.

Na san wasu za su ce ki kai ta wurin 'yan sanda. Ni ban ba ki wannan shawara ba tun ba ki bi matakan nan kin gama ba. Manzo Bulus ya tsawata wa Korantiyawa don suna kai juna ƙara gaban marasa bi, amma ki karanta 1 Korantiyawa 6:5 da kyau, kunyar a kan ikilisiya ya ɗora ta: ashe ba mai hikima ko ɗaya a cikinku da zai iya sasanta 'yan'uwa? Don haka dattawan da ke hana 'ya'yansu zuwa kotu, wajibi ne su zauna su yi shari'ar gaskiya, ko da mai laifin matar dikon ce, ko ita ce ta fi kowa baiko. In bayan an tsayar da magana kika ga ba ta da hali, zuciyarki ta ba ki ki yafe wani ɓangare, wannan tsakaninki da Ubangijinki ne. Kada wani ya matsa miki. Kuma gafara ba ta nufin a sake damƙa mata adashi. Amana sai an gina ta sannu a hankali.

Nauyin ƙirjin nan kuwa, kada ki jira ya tafi kafin ki fara. Yohanna ya ce kada ƙaunarmu ta tsaya a baki, ta zama ta aiki da gaskiya (1 Yohanna 3:18). Ki gaishe ta in kun haɗu. Ki daina ba duk wanda ya zo sayen manja labarinta. In kin ji ba ta da lafiya ko an yi mata rasuwa, ki je. Ki riƙa kiran sunanta a addu'a, ko da farko muryarki za ta riƙa rawa. Kada ki ƙaurace wa teburin Ubangiji saboda ita, ai teburin masu bukatar gafara ne, ku biyun duka.

Ina da magana da sauran mata goman. Kowaccenku ta ɗauki nata ta biya bukata. Kuna ji kuna gani 'yar'uwarku ta sayar da abin sana'arta. Da kun haɗa 'yan dubbai kaɗan kowacce, da keken nan yana ɗakinta. Wanda yake da abin duniya, ya ga ɗan'uwansa cikin bukata, ya rufe zuciyarsa, yaya ƙaunar Allah take zaune a cikinsa? Tambayar 1 Yohanna 3:17 ce, ba tawa ba. Lokaci bai ƙure muku ba.

TAMBAYA: Mama, barka da aiki. Ni Bahaushe ne daga wani ƙauye a ƙasar Sumaila. Kakana ne ya bar tsafi ya karɓi bishara, a cikin ikilisiya aka haife ni. Na zo Kano aiki a wani kamfani a Bompai. Lahadin farko na sa kaftani da hula na nufi wata majami'a a Sabon Gari. Masu tsaron ƙofa suka tsayar da ni, suka laluba ni, suka ce in yi Addu'ar Ubangiji su ji, wasu kuwa suna ta wucewa ba mai tambayarsu. A ciki na zauna, na kusa da ni ya matsa. Wata shida ke nan ba wanda ya tambayi inda nake kwana. A wurin aiki ana ce mini na bar nawa, a majami'a ana kallona kamar ba nasu ba. In daina zuwa ne?
Ɗanka, mazaunin Dakata

AMSA: Ɗana, na karanta wasiƙarka na ajiye, na daɗe ban iya ɗaukar biro ba. Abin da aka yi maka ba daidai ba ne.

Zan gaya maka daga inda tsoron ya fito, don ka san da me kake fama. Ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012 bama-bamai suka tashi a wurare da dama a garin nan, mutane fiye da 150 suka mutu. A ƙarshen Afrilun shekarar aka buɗe wa masu sujada wuta a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero. A Maris 2013 bam ya tashi a tashar manyan motoci ta New Road, a Yulin 2014 kuma aka jefa wani a majami'ar St. Charles ana tashi daga sujada. Akwai mutanen da ke zaune a bencin da kake zama waɗanda suka binne 'ya'yansu a shekarun nan. Binciken ƙofa daga nan ya samo asali, ni ma ba na cewa a daina. Amma in za a laluba, a laluba kowa, mai kwat da mai kaftani. Da zarar hula ta zama ita ce laifi, to an bar tsaro an shiga wani abu dabam. Kuma kada mu manta, a harin Janairun nan Musulmi masu hula irin taka ne suka fi yawa cikin waɗanda suka mutu.

Abin da nake tunawa da kwanakin dokar hana fita da suka biyo baya shi ne gidan hayarmu. Akwai Inyamurai, akwai Yarbawa, akwai mutanen Filato da na kudancin Kaduna, da mu. Wanda ke da garin kwaki ya fito da shi, mai shinkafa ta fito da ita, murhu ɗaya aka haɗa a tsakar gida, da dare a taru a yi addu'a kowa da harshensa. Ba wanda ya tambayi garin wani. Mun iya abin nan sarai, sai dai kamar sai wuya ta yi wuya muke tuna shi.

Kai ba baƙo ba ne a cikin bangaskiyar nan, kada kowa ya sa ka ji haka. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, kuma da harshenka ne dubban ikilisiyoyi daga Filato har Adamawa suke waƙa da wa'azi. Likita na farko daga Arewa, Dokta Barau Dikko, wanda babban asibitin nan na Kaduna ke ɗauke da sunansa, Kirista ne da ya tashi a hannun mishan na Zariya. Farfesa Ishaya Audu, mutumin Anchau, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, Bahaushe ne mai bi kamarka. A ƙasashen Sumaila da Rano da Tudun Wada akwai majami'un da ba a jin wani yare a cikinsu sai Hausa zalla, kai ka fi ni sani.

Ga 'yan'uwana na Sabon Gari kuwa, ku tuna yadda unguwar ta samu. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka keɓe wurin nan a wajen ganuwa domin baƙi. Kakanninku sun san ɗacin a nuna mutum da baki a ce ba ɗan nan ba ne. Allah ya gaya wa Isra'ila kada su zalunci baƙo, domin sun san zuciyar baƙo, su ma baƙi ne a Masar (Fitowa 23:9). Mu kuwa abin ya fi haka nauyi, domin dukanmu bare ne Almasihu ya jawo mu kusa da jininsa, ya rushe katangar da ta raba (Afisawa 2:13-14). Wanda aka buɗe wa ƙofa kyauta, da wane ido zai tsaya a bakinta yana zaɓen fuska?

Ikilisiyar farko ma ta yi wannan tuntuɓe. Da Shawulu, wato Manzo Bulus, ya zo Urushalima bayan tubarsa, almajirai duka suka ji tsoronsa, ba su yarda shi mai bi ba ne, kuma suna da dalili, domin a dā shi yake tsananta wa masu bi. Mutum ɗaya, Barnaba, ya kama hannunsa ya kai shi wurin manzanni (Ayyukan Manzanni 9:26-27). A sura ta 6 kuma an yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci wurin rabon abinci. Manzanni ba su ce a yi haƙuri ba. Sun sa aka zaɓi mutum bakwai su riƙe aikin, kuma in ka duba sunayensu, su Istifanus da Filibus har Nikolas na Antakiya, duk sunayen Helenanci ne. Ga dukkan alamu ɓangaren da aka manta da shi aka damƙa wa rabon. Da ni ce dattawan majami'arku, da kai zan sa cikin masu karɓar baƙi a ƙofa.

Kada ka daina zuwa. Ka aika gida fastonku ya rubuto maka takardar shaida, ka kai wa fasto a ofishinsa cikin mako, ka zauna ka gaya masa abin da ka gaya mini, har maganar ƙofar. Ka shiga ƙungiyar matasa ko ta mawaƙa, don a taron Lahadi ba a sanin mutum. Akwai majami'u da yawa a garin nan masu sujada da Hausa, in ka ga can hankalinka zai fi kwanciya ba laifi ba ne ka koma, amma ka tafi da sallama, ba da fushi ba. Sannan zumunta a ƙafa take, ɗana. Na san kai aka yi wa laifi, kai ya kamata a zo wa. Duk da haka wanda kake bi bai jira mu je wurinsa ba. Mutumin da ya matsa daga kusa da kai, ka gaishe shi Lahadi mai zuwa, ka tambayi sunansa da unguwarsu.

TAMBAYA: Mama, tun kullen korona na 2020 ban koma majami'a ba. Ina jin wa'azi a waya, ina addu'a, ina aika zakkata. Ina ƙaunar Allah, mutane ne ba na so, gulma da rigima sun yi yawa. Akwai laifi?
Wani ɗan'uwa, daga Badawa

AMSA: Akwai, ɗana. Gulma da rigima gaskiya ne, wasiƙu biyun da ke sama sun ishe ka shaida. Amma 1 Yohanna 4:20 bai bar mana wurin ɓuya ba: wanda bai ƙaunaci ɗan'uwansa da yake gani ba, ba zai iya ƙaunar Allah da bai gani ba. Mai wa'azin waya ba zai taɓa ɓata maka rai ba, ba kuma zai taɓa bukatar ka kai shi asibiti da tsakar dare ba, don haka ba inda ƙaunarka za ta yi aiki. Ibraniyawa 10:24-25 ya haɗa abu biyun wuri guda, zuga juna ga ƙauna da rashin barin taruwa.

Shekarun nan da ka yi a ɗaki, an yi rasuwa a majami'arku ba ka je gaisuwa ba, akwai tsofaffin da suka kwanta ba ka sani ba. Ka koma Lahadin nan. Bayan an tashi ka nemi sakatare, ka tambaye shi su wa ke kwance a gida ko a asibiti, ka karɓi kwatancen gidan mutum ɗaya, ka sayi lemo ka je kafin mako ya ƙare.